Kiɗan Gidauniya a Kwanakin Salla: Wa Ake Yi wa Waƙar?

Ya zama al'ada a garuruwan da Hausawa suke zaune, musamman a nan Kurmi, ƙungiyoyin ci gaban gari da na ɗalibai su shirya wasan makaɗan gargajiya a cikin kwanakin Salla, da niyyar tara kuɗi domin marayu, ko majinyata, ko waɗanda gobara ta cinye wa rumfuna a kasuwa. Akan kama zaure, a buga katin gayyata, a naɗa shugaban taro da babban mai ƙaddamarwa, sannan a ɗauko mai kalangu da mai gurmi, wani lokaci har da masu kiɗan ƙwarya. Niyyar kyakkyawa ce, kuma ba mu da ta cewa a kanta. Abin da ya dame mu, a matsayinmu na manazarta adabin baka, shi ne irin waƙar da take fitowa daga wannan zama, da kuma wanda ake yi wa ita.

Akwai masu ganin wai wannan abu aro ne daga Turawa, suna kafa hujja da gagarumin wasan da aka yi a Landan da Filadelfiya ranar 13 ga Yuli, 1985, domin agaza wa waɗanda yunwa ta addaba a Habasha. Wannan ra'ayi bai yi wa al'adarmu adalci ba. Tun kafin wannan lokaci Bahaushe ya san ajo, wato wasan da wanda wata hidima ko asara ta sha wa kai yakan shirya, ya gayyato makaɗa, abokan arziki su zo su zuba kuɗi, a tattara a ba shi. Wanda ya zauna a ƙasar Yarbawa ya san su ma suna da kalmar ajo mai ma'anar adashi. Haka kuma Bahaushe ya san gayya, inda akan taru a nome gonar wani, mai gangar noma yana bin manoma kunya-kunya yana zuga su. Ashe ke nan haɗa kiɗa da taimako tsohon abu ne a wurinmu.

Sai dai akwai wani bambanci da ya kamata mu tsaya a kansa. A wurin ajo, mai bukata yana nan zaune a tsakiyar fage, da sunansa da na mahaifinsa. Shi ne ubangidan makaɗi a wannan dare, shi ake fara wasawa, kuma duk wanda ya yi kari ana ambatonsa ne a matsayin aminin mai ajo. Abin da aka ba shi kuwa biki ne, bashi ne da zai rama ranar da ta wani ta taso, saboda haka ba ya sunkuyar da kai. A wurin gayya ma, wanda ake koɗawa shi ne mai zufa a goshi. A wasan gidauniya na yau kuwa, wanda aka taru dominsa ba shi da suna. “Marayu” ne, ko “marasa galihu”, jimla guda, ba fuska ba asali.

Wannan babbar matsala ce ga makaɗin Hausa, domin suna shi ne jarinsa. Tun a 1957 M. G. Smith ya nuna cewa roƙo a ƙasar Hausa musaya ce: maroƙi ya ɗaga darajar mutum a bainar jama'a, mutum ya biya da kyauta. Binciken da Ɗandatti Abdulƙadir ya yi a kan Mamman Shata a 1975 ya ƙara fito da yadda mawaƙi yake ɗinka waƙarsa nan take, gwargwadon waɗanda ya gani a gabansa. Idan muka yi amfani da kalmomin Sa'idu Muhammad Gusau, sai mu ce turken yabo yana da tubalansa: asali, da nasaba, da kyauta, da jaruntaka, da zambo ga abokin hamayya. To, wanne daga cikin waɗannan makaɗi zai ɗora a kan jama'ar da bai san sunan ko ɗaya daga cikinta ba?

Don haka abin da yake faruwa a zauren ba ya ba mu mamaki. Makaɗi yakan buɗe da addu'a, ya kafa gindin waƙa mai ambaton maraya ko tausayi, 'yan amshi su karɓa. Daga nan sai ɗiyan waƙar su bi kujerun gaba ɗaya bayan ɗaya: Alhaji wane mai motoci, Hajiya wance mai gwala-gwalai, Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa. Maraya ya zama amshi kurum, ana dawowa kansa don a ja numfashi kafin a kama sunan attajiri na gaba. Daɗin daɗawa, sanƙira da mai riƙe da lasifika sukan fi makaɗin kansa magana. Da zarar kalangu ya fara zaƙi sai a ɗaga hannu a tsayar da shi, a sanar da abin da wane ya bayar, a nemi tafi. Waƙar da ake yanka ta kowane minti biyu ba ta samun damar yin nisa, balle ta haifi wata azanci da za a tafi da ita gida. Mun sha jin ana yaba irin wannan dare da cewa an tara kaza, amma da wuya a ji wani yana rera abin da ya ji a can bayan mako guda.

Dole mu yarda cewa dabarar tana kawo kuɗi. Attajirin da ya ji an wasa abokin gasarsa ba zai zauna ba, kuma tsoron habaici ya sha buɗe aljihun da wa'azi ya kasa buɗewa. Amma lokacin da aka zaɓa yana ƙara fito da rashin dacewar. Salla tana zuwa da nata tsarin kyauta wanda ba shi da ganga: zakkar fid da kai da ake bayarwa kafin a tafi Idi, da naman layya da yara suke kaiwa gida-gida a rufe. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yaba bayyana sadaka, ta kuma nuna cewa ɓoye ta ya fi alheri, aya ta 264 kuwa ta yi gargaɗi a kan ɓata ta da gori. Inda abin ya fi yi mana ciwo shi ne idan aka jero yaran a kan dandamali cikin anko, suna tsaye suna kallon ana yi wa wani liƙi da sunansu.

Kada a ce kiɗan Hausa ba shi da muryar da zai yi magana da talaka. Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi rayuwarsa yana nuna akasin haka. Shi kaɗai ne da kuntiginsa, ba 'yan amshi, ba sanƙira, kuma laƙabinsa ma daga maraicinsa ya samo shi. A waƙarsa ta Karen Mota ya ɗauki yaron da ba wanda yake kallo a tasha ya mai da shi gwarzon waƙa, ya bi wahalarsa daki-daki kamar yadda makaɗin fada yake bin nasabar sarki. Wato ya gano cewa idan babu asalin da za a jero, akwai aiki da hali da wuyar rayuwa, kuma su ma tubala ne. Barmani Coge, da ta rasu a 2013, ta yi irin wannan da matan cikin gida masu ƙananan sana'o'i. Akwai kuma waƙoƙin bara, inda mabukaci yake magana da bakinsa. Makafi sun daɗe suna yawo da Imfirajin Aliyu Namangi, wanda shi ma makaho ne. Masu shirya taro ba su cika tunawa da wannan ɓangare ba. Sukan ce wa makaɗi ya zo da tsofaffin waƙoƙinsa da aka sani, ba sa ba shi ko mako biyu ya je ya ga waɗanda za a taimaka wa, ya ji labarinsu, ya shirya musu tasu.

Akwai wani mai bayarwa kuma da ba a taɓa sanar da sunansa a lasifika. Salla ita ce kakar makaɗi. A kwanakinta yake zagaya iyayen gidansa, ya samo rigar da zai sa da hatsin da zai kai gida, kuma abin da ya samu rabawa yake yi da makaɗansa da 'yan amshinsa, kowannensu da iyali. Idan ya ba da daren Salla guda, har aka kwashe abin da aka liƙa masa aka zuba a asusu, ya ba da abin da ya fi na mutane da yawa da suke kujerun gaba, in an auna da ƙarfin kowa. Galibi akan sallame shi da kuɗin mota da godiya, shi da mutum shida ko bakwai da suka biyo shi, wasunsu ma sun fi kusa da layin masu karɓa.