Fili Ma Ɗan Wasa Ne: Nazari Kan Ƙwallon Gem

Akwai masu cewa duk wanda ya tsaya gardama kan faɗin fili a ƙwallon gem ba shi da aikin yi, tunda wasa ne kawai. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa riƙe hannun gem ba. Samarin da ke cika rumfunan gem a Kankiya da Kusada da yamma, janareta na ruri a bayan shago, sun fi su sanin kan abin, domin wanda ya ƙware ba ya zaɓen ƙungiya ya manta da filin da za a kara.

Tarihin ba shi da tsawo. Kamfanin EA ya fito da FIFA a 1993, Konami ya biyo da Winning Eleven a 1995, wanda muka fi sani da PES kafin ya koma eFootball a 2021. Tun daga nan ake ta tseren gyara fuskokin 'yan wasa da rigunansu. Ni kuwa a wurina fuskar Ronaldo ado ce, ƙasar da yake takawa ita ce wasan.

Dokar ƙwallo ba ta yanke awo guda ba. A wasan ƙasa da ƙasa tsawon fili na kamawa daga mita 100 zuwa 110, faɗi kuma daga 64 zuwa 75, ko da yake manyan filaye sun fi karkata ga 105 da 68. Mita huɗun da ke tsakanin 64 da 68 kamar ba komai ba ne, sai ka tuna Stoke City zamanin Tony Pulis. Sun matse filinsu, ɗan gefe ya rasa inda zai ja ƙwallo ya yi gudu, 'yan baya suka dunƙule ba ƙofa, jifan Rory Delap kuma ya riƙa sauka a bakin raga tamkar bugun kwana. Arsenal ta sha wuya a wurin ba sau ɗaya ba. Gem ɗin da ya kawo waɗannan 'yan wasa ya ɗora su a fili mai yalwa ya yi ƙarya, ko da ya zana kowace kujera daidai.

Haka batun tudu yake. Filin Hernando Siles na La Paz yana kan tsayin kusan mita 3,600. Iskar can ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya da sauri ba ta lanƙwasa sosai, baƙo kuma numfashinsa na ƙarewa tun kafin hutun rabin lokaci. FIFA ta hana wasa a filayen da suka haura mita 2,500 a 2007, ta janye a 2008. A 2009 Bolibiya ta lallasa Ajantina da ci 6 da 1 a nan, Messi na ciki, Maradona na koci.

Masu gem ɗin besbol a Amurka sun riga kowa gane wannan, domin kowane filinsu da irin surarsa. An rushe Polo Grounds na New York a 1964, amma har yau ana wasa a cikinsa a gem ɗin MLB The Show: tsakiyarsa kusan mita 147, gefunansa ba su kai 90 ba. Sun kuma san cewa a Denver, mai tsayin mita 1,600, ƙwallo ta fi nisa. Gem ya zame musu ma'ajiyar tarihi.

Mu ina namu? Ka buɗe gem ka ga ruwan sama da ƙanƙara, ba ƙurar hunturu da ke sa gola hawaye. Ba Karkanda ta Katsina United, ba filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, ba Jos da tudunta na kusan mita 1,200. Balle filin firamare na ƙauye, inda ƙwallo ke tsalle a kan tsandauri ta mutu a cikin yashi, wanda shi ne ya koya wa yaranmu taɓa ƙwallo.

Ba wanda zai taso daga kamfanonin gem ya auna mana waɗannan filaye. Ɗalibanmu masu karatun kwamfuta a Katsina da Dutsin-Ma su ɗauki igiyar awo da wayar hannu, su rubuta tsawo da faɗi da irin ƙasar kowane fili, tun kafin a yanka shi a yi shaguna.