Masu Kama Hunturu da Idon Waya

Wata Asabar cikin watan Janairu na kwana a unguwar Zabi da ke Zariya, gidan ƙanwata. Ana idar da sallar asuba kowa ya koma ya ƙudundune, masu ƙarfin hali suka nufi gindin murhu. Ɗanta kuwa, saurayin da ke karatu a jami'a a Samaru, sai ya ja hular sanyi har kunne, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kawu, taso mu je ka ga wani abu kafin rana ta ɓata shi."

Muka fita bayan gari, inda gonaki suka zama fili, ba komai sai karan dawa da aka tara aka jingine. Ya zaɓi wuri ya tsaya, waya a hannu, bai ɗauki komai ba. Mun fi minti ashirin a tsaye, jaura tana yankar kunnena. Wajen bakwai saura kwata gabas ta yi fari. Can sai ga wani dattijo a kan keke, ya naɗe fuska da rawani, ya ɗauro damin rake a baya. Yaron ya bari sai da keken ya zo daidai tsakanin rimaye biyu, sannan ya danna sau ɗaya.

Ya miƙo mini wayar. Rimi na kusa baƙi wuluk, ba ganye ko ɗaya, kowane reshe ya fito sarai. Na bayansa toka-toka. Na uku kuwa sai ka ƙura ido kafin ka yarda yana nan. Dattijon da kekensa sun zama inuwa a tsakiya, kafaɗunsa a takure. Ina kallon hoton na ji sanyin ya sake shiga ƙashina, alhali a cikinsa nake tsaye tun ɗazu.

Tun daga ranar nake bibiyar aikin irin waɗannan matasa na Samaru da Sabon Gari da kewaye. Ba su da shagon hoto, ba mai biyan su, akasarinsu ma wayar Tecno ko Infinix ce kawai a hannunsu. Amma abin da suke yi gwaninta ce ta gaske, kuma ta fi wuya fiye da yadda ake zato. Mutumin Ingila ko Kanada in yana son nuna lokacin sanyinsu, taga kawai zai buɗe: dusar ƙanƙara ta rufe mota da rufin gida, kowa ya gani ya san sanyi ne. Namu sanyin ba ya kwanciya a ƙasa a gan shi. Iska ce busasshiya da ƙura, da sararin sama da ya rasa launi. Wanda zai ɗauki hoton hunturu, hoton abin da ke ɓoye abubuwa zai ɗauka.

Ita wannan ƙura baƙuwa ce daga nesa. Mafi yawanta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, fiye da kilomita 1,000 daga Zariya. Wurin ƙasan wani tsohon tafki ne makeke, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi, ragowar ɓawon ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin tsaunukan Tibesti da na Enedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yo kudu maso yamma da shi, daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Maris. Wani ya sauka a kan tagoginmu, wani ya wuce. Binciken da masanan hukumar NASA ta Amurka suka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma kowace shekara, kuma tan miliyan 27.7 daga ciki na sauka a dajin Amazon, ya zame masa taki. Wato abin da ke sa mu tari a unguwar Kwangila, shi ne abincin itatuwa a Barazil.

Ƙwayoyin wannan ƙura sun fi ƙwayoyin iska girma nesa ba kusa ba. Iska tsantsa shuɗin haske ta fi warwatsawa, shi ya sa sama ke yin shuɗi bayan ruwan sama. Ƙura kuwa duk launuka take warwatsawa kusan daidai, sai sama ta koma fara ko ruwan ƙasa-ƙasa, inuwa ta dushe, abin da ke nesa ya narke. Daga nan wahalar mai hoto take farawa, domin wayarsa ba a yi ta don ta yarda da haka ba.

Kyamara tana auna hasken da ke gabanta ne da zaton cewa in aka gauraya komai zai ba da toka matsakaiciya. In ta ga fili duk fari, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi. Shi ya sa hoton hazo na wanda bai iya ba yake fitowa da dauɗa, kamar an wanke shi da ruwan toka. Gwani ya san wannan hali nata. Yakan taɓa allon, alamar rana ta fito, ya ja ta sama kaɗan har farin hazon ya dawo yadda ido ke ganinsa. In kuwa ƙwallon ranar yake so, a irin safiyar da take fitowa fara sol kamar faifai, sai ya ja alamar ƙasa, in ba haka ba ranar za ta narke cikin sama a rasa gefenta. Yatsa ɗaya, hanya biyu, kuma sanin wacce za a bi a cikin daƙiƙa biyu shi ne aikin.

Haka batun launi. Waya in ta ga duniya ta yi ruwan ƙasa, sai ta ɗauka kuskure ne, ta gyara da kanta, ta mayar da safiyar Janairu kamar ta Agusta. Masu lura sukan shiga sashen ƙwararru na kyamarar su kafe launin a kan hasken rana, don ƙurar ta fito da kalarta. Sannan ga saiti: kyamara tana neman gefe mai kaifi ne ta kama, hazo kuwa ba shi da gefe, sai ta yi ta kai da komo. Dole a ba ta abin riƙewa, reshe ko turken lantarki ko kafaɗar mutum. Filasha kuma a kashe ta. Haskenta yana dukan ƙurar da ke dab da gilashin, hoton ya cika da fararen ɗigo.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka mayar da cikas ya zama kayan aiki. Hazo yana shanye launin abu gwargwadon nisansa, don haka in ka jera abu uku, na kusa da na tsakiya da na nesa, hazon da kansa zai auna maka zurfin fili. Masu zane sun daɗe da sanin haka, Leonardo da Vinci ya yi rubutu a kai shekaru ɗari biyar da suka wuce, kuma ana koyar da shi a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗan ƙanwata ba a sashen yake ba. Rimayen Zazzau ne suka koya masa. A damina ganye yakan rufe su, a hunturu sukan tuɓe, rassansu su tsaya a sama kamar rubutun tawada a kan allo. Kuka ma haka. Gawo ne kaɗai yake yin akasi, ya yi kore shar lokacin da kowa ya bushe, kuma wanda ya dace da shi a cikin farin hazo ya samu hoton da ba ya bukatar gyara.

To amma hazo daban, sanyi daban. Hazo ana ganinsa. Sanyi sai a jikin mutane. A nan ne ake gane mai ido. Zai je teburin mai shayi a Samaru da sassafe, ya zagaya har sai rana ta koma bayan tukunyar, bango mai duhu kuma yana bayan tururin, domin tururi ba ya fitowa a hoto sai haske ya ratso shi daga baya. Zai tsaya a ƙarƙashin gadar Kwangila ya jira ɗan acaɓa da ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya sa safar hannu, fitilarsa a kunne da ƙarfe bakwai na safe. Zai lura da ɗalibai suna tsallaka titi zuwa ƙofar jami'a, hannuwa a hammata. A kasuwar Sabon Gari zai ga tulin rigunan sanyi na gwanjo da mata sun kewaye shi. Wani hoton da na gani ma ba fuska a ciki: ƙafafu ne huɗu sun yi fari fat, da kaushi a dunduniya, sun kewaye garwashi. Ma'aunin zafi zai ce maka daren ya sauko ƙasa da digiri 15. Waɗannan ƙafafun sun faɗi abin da lambar ba ta faɗa ba.

Akwai ladabi a cikin sana'ar, kuma ina ganin rabinta ne. Da dattijon nan mai rake ya iso kusa da mu, yaron ya tare shi ya rusuna: "Baba, ina kwana, ya sanyi? Na ɗauke ka daga nesa, ga shi. In ba ka so sai in goge." Dattijon ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaro, ashe haka garin yake? Bar shi." Ina da ja da masu zuwa tsangaya da asuba su ɗauki almajirai suna rawar ɗari a gefen wuta, ba sallama ga malam, ba neman izini, su watsa don a yaba musu. Yaron da ke cikin hoton ɗan wani ne. In hoton zai jawo masa bargo, a nemi izini a ɗauka, a kuma kai bargon.

Ina da ja kuma da masu wanke hunturu daga hoton hunturu. Manhajojin gyaran hoto suna da maɓallin cire hazo, kamfanin Adobe ya saka shi a Lightroom tun 2015. Sai ka ga an ja shi har ƙarshe, an ƙara ja da lemo, safiyar Hanwa ta koma kamar tallar man shafawa. Gyara kaɗan ba laifi, ko masu wanke fim a ɗakin duhu suna yi. Amma wanda ya cire hazon ya cire dalilin fitarsa da asuba. Mafi kyawun hotunan da na gani, kusan ba launi a cikinsu sai abu ɗaya: jan tumatir da aka shanya a gefen hanyar Kano, ko koren albasa a fadamar Galma, ko shuɗin mayafin mai tallar nono.

Kayan aikin ma yana son kulawa. Ƙurar tana da ɓarɓashin yashi mai kaifi, wanda ya goge gilashin kyamara da bakin riga a bushe yana kankare shi ne sannu a hankali. A fara hurewa, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi. Mai asma kuma ya sa takunkumi, hoto bai kai numfashi ba.

Sai rabawa. WhatsApp yana matse hoto don ya rage nauyi, kuma abin da ya fi cutuwa shi ne sama mai laushi irin ta hazo, sai ta fito layi-layi. Masu kishin aikinsu sukan tura shi a matsayin fayil, ko su zaɓi babban inganci da aka ƙara a 2023. Daga nan hoton ya kama hanya: zuwa ga yaya da ke aiki a Legas, da ƙanwa da ke aure a Jidda, da tsohon ɗalibi da ke Landan cikin dusar ƙanƙara yana kewar ƙamshin hayaƙin kara. Ɗan ƙanwata yana da abokai a Maiduguri da Kano. In suka turo hoton gari ya rufe, yakan sa waya a caji tun dare, don ya san baƙuwar tana hanya.

A Zariya ne a 1958 wasu ɗaliban zane, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta dage cewa mai fasaha ya dubi abin da ke gabansa a gida. Ban ce matasan yau sun kai su ba. Na dai ga irin wannan dubawar a wurinsu.

Kuma aikin nasu yana da amfanin da ya wuce kyau. Cibiyar binciken noma ta Samaru, wadda asalinta ya koma 1922, tana tattara bayanan yanayi. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a Zariya a 1964 tana sa ido kan nisan da ido ke iya gani, domin tashi da saukar jirgi sun dogara a kansa. Hukumar kula da yanayi ta NiMet tana fitar da gargaɗin ƙura. Duk waɗannan lambobi ne a takarda. Wani daga cikin matasan nan kuwa ya zaɓi wuri ɗaya da ake hango Dutsen Kufena, yana ɗaukarsa a sa'a ɗaya kowace safiya. Ran nan dutsen ya fito da duk tsagoginsa, gobe ya zama inuwa, jibi babu shi sam, sai farin fili. In aka jera hotunan wata guda, ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai karanta hunturun shekarar. In aka yi haka shekara goma, manomin alkama da likitan ƙirji da mai nazarin sauyin yanayi duk za su so su gani.

Sharaɗin dai shi ne a rubuta wuri da rana da lokaci a ƙarƙashin kowane hoto, a kuma bar sunan mai shi in za a tura gaba. Don haka ɗan'uwa, ko 'yar'uwa, in kana Zabi ko Bomo ko Muciya ko Dogarawa, kuma akwai waya a aljihunka, gobe in an idar da asuba kada ka koma bargo. Nemi rimi ɗaya ko turke ɗaya a unguwarku, ka tsaya a inda za ka iya komawa jibi, ka ɗauka, ka rubuta kwanan wata. Kafin ƙarshen Maris iskar za ta juya, sai kuma baɗi in Allah ya kai mu.