Alkaki, Nakiya da Gireba: Me Ake Gada a Madafan Ƙasar Dutse?

Duk gidan da za a fitar da gara a ƙasar Dutse, maƙwabta kan riga kowa sani. Kwana uku ko huɗu kafin ranar, turmi ba ya hutawa, ƙamshin man gyaɗa da citta ya cika unguwa, yara kuma su yi ta zarya a zaure ko za a dace da gutsuren da ya karye. A tsakar gida mata ne birjik a kan tabarmi, masu tankaɗe da masu murza da masu naɗi. Can gefe akwai wata dattijuwa da ba ta cika taɓa komai ba, amma ba a jefa ko ɗaya a mai sai ta ce a jefa. Goggon amarya ce, ko ƙanwar kakarta, ko wata maƙwabciya da aka aika wa goro musamman. Ba ta da littafi, ba ta da sikeli. In yarinya ta ce, "Goggo, ruwa nawa zan zuba?" amsar ba ta canzawa: "Zuba dai, 'yar nan, zan ce miki ya isa."

Wannan amsa tana ba 'yan matan yanzu haushi, suna ɗaukarta rowar ilimi. Wani lokacin rowar ce. Amma galibi gaskiya Goggo ta faɗa, domin ita ma ba ta san adadin ba sai ta taɓa.

A Sikotilan da Ingila akwai wani ɗan gasasshen abin shan shayi da ake kira sikon, wanda iyalai ke alfahari da cewa yadda kakarsu ta yi shi haka suke yi, kuma sukan nuna tsohuwar takardar da ta bari da rubutun hannunta. Takardar tana aiki ne saboda an daɗe da daidaita kayan haɗin. Tun 1843 Alfred Bird ya haɗa bekin foda a Birmingham, a 1896 kuma Fannie Farmer ta fitar da littafin girkinta a Boston, wanda ya yaɗa awo da kofi da cokali a shafe, ba tozo. Fulawar kanti iri ɗaya, bota iri ɗaya, obin mai lambar zafi. Mafi kusa da sikon a madafan Dutse ita ce gireba: fulawa, niƙaƙƙen sukari, man gyaɗa, a yayyafa riɗi a gasa. Dabararsu ma ɗaya ce. Ana murza mai cikin gari tun kafin ruwa ya taɓa shi, man ya lulluɓe garin ya hana shi yin danƙo, shi ya sa abin ke rugurgujewa a baki maimakon ya ja kamar burodi. Sai dai mai gireba a Kiyawa ko Jahun, in ba ta da obin, a tukunya take gashi: ta zuba yashi a ƙasa, ta bar shi ya ɗauki zafi, ta jera faranti, ta ɗora garwashi a kan murfi. Lambar zafinta tafin hannunta ne, ko ɗan garin da za ta barbaɗa ta ga saurin da zai yi ja. Wace takarda ce za ta ɗauki wannan?

Alkaki ya fi kowanne nuna matsalar. Ana barzar alkama ne, ba a niƙa ta lilis, kuma kowane injin niƙa da irin barzarsa. A murza ta da mai, a sa tsami, ko nono ko yis, a kwaɓa da tauri, a rufe ta kwana. Da safe a zuba ruwan kanwa, a sake murzawa har ta haɗe, a mulmula siriri a naɗe, a soya a wuta marar ƙarfi don cikin ya soyu kafin bayan ya ƙone, sannan a tsoma a zuma ko a dafaffen sukari. Jimla uku ke nan, kuma kowace da tarkonta. Kwana ɗaya na watan Janairu, lokacin da sanyin hunturu ke sauka a kan duwatsun Dutse, ba daidai yake da kwana ɗaya na Afrilu ba, sa'ad da zafi ke haura digiri 40: kwaɓin da zai tashi daidai a hunturu, a bazara kafin asuba ya yi tsami ya wuce misali. Kanwar kuma aikinta ta kashe tsamin nan, ta sa kwaɓin ya yi sauƙi, ta ba shi launi. Yawanta ya dogara ne da yawan tsamin da aka wayi gari da shi, kuma ungurnu ta fi wata kanwar ƙarfi. Ta yi yawa alkaki ya yi baƙi da ɗaci, ta yi kaɗan ya yi tauri. Sabuwar alkama da wadda ta shekara a buhu ba su shan ruwa daidai. Hatta tsamiya ko lemon tsamin da ake matsawa a sukari yana da dalili: shi ke hana sukarin komawa ƙanƙara ya yi fari a jikin alkaki bayan kwana biyu. Dattijuwar ba za ta yi bayanin sinadari ba, amma za ta ɗiga sukarin tsakanin yatsa biyu, ta ga zaren da ya ja, ta ce a sauke.

Nakiya kuwa ilimin adana abinci ce tun kafin firji. Shinkafar tuwo ake jiƙawa a daka da citta, kanumfari, masoro, kimba da ɗan barkono, a tankaɗe, a soya garin har danshinsa ya fita, a haɗa da zuma ko sukari da man shanu, a koma turmi. Rashin ruwa, da yawan zaƙi da mai, su ke sa ta yi watanni ba ta lalace ba, shi ya sa take cikin kayan amarya da na mai jego. Wadda ta yi gaggawar sauke garin kafin ya bushe, sai bayan mako uku za ta ga sakamakonta, lokacin da nakiyar ta riga ta isa gidan surukai ta yi fumfuna. Dubulan kuwa, shi ma na kayan gara, aikin yatsu ne kawai, kuma ko a gida ɗaya ana sanin naɗin wance da na wance.

Ga kuma awo. Girkin gado da mudu da tiya da gwangwanin madara da ludayi yake magana, alhali mudun kasuwar Shuwarin ba lallai ya yi daidai da na Sara ko na Kano ba, kuma cikawar mai awo da tozo daban take da ta uwargida a gida. In uwa ta ce wa 'yarta "kwano ɗaya, mai ludayi uku", kwanonta take nufi da ludayinta na duma, wanda wataƙila ya fashe tun shekaru goma da suka wuce.

Masu kukan cewa an bar girkin "asali" su ma suna da abin dubawa, domin abin da suke kira asali ya sha sauya riga. Waɗannan kayan zaƙi na alkama suna da dangi na kusa a Libiya da Tunisiya da Masar, kuma fataken Larabawa na Gadamas da Tarabulus sun daɗe zaune a Kano. Matafiyi Heinrich Barth ya tarar da su a can a 1851. A wancan zamani alkama abincin masu hali ce, ana nomanta kaɗan kaɗan a fadamu da ban ruwa, shi ya sa alkaki da funkaso suka zama abin fita kunya. Daga birni suka bi auratayya da fatauci suka shiga garuruwan gabas irin su Dutse da Birnin Kudu, waɗanda a lokacin suke ƙarƙashin Kano. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya riga ya ƙunshi sunayen alkaki da nakiya. Bayan haka sukari ya ture zuma saboda araha, yis ɗin leda ya ture tsamin gida, farar fulawa ta yawaita bayan da kamfanin Flour Mills ya fara niƙa a Apapa a 1962, aka kuma buɗe masana'antar fulawa a Kano a shekarun 1970. Cincin da kek suka shigo cikin gara suka zauna daram, har yau yarinya na iya rantsewa cewa tun kaka da kakanni ake yin su. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, fulawa ta yi tsada, mata suka koma neman ta gida da dabarun haɗi har aka ɗage haramcin a farkon shekarun 1990. Kowace kaka ta karɓi girki ta gyara shi daidai da kasuwar zamaninta. Abin da ta miƙa wa jikarta shi ne sanin yadda abu yake in ya yi, da abin da za a yi in ya ƙi.

Irin wannan sani kuwa ba ya shiga kai sai ta hannu, kuma makarantarsa ita ce ranar aikin gara da jajibirin salla. Nan yarinya 'yar shekara takwas ke fara da miƙo faranti, ta kai ga mulmula, ta kai ga naɗi, kafin a yarda ta zauna gaban kasko. Nan ake kwaɓa mudu goma a lokaci ɗaya, ta ga kuskure ta ga gyaransa a yini guda. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, in ji Bahaushe, a nan har da maganin mantuwa.

Makarantar ce ke rufewa a hankali, kuma ba lalacin 'yan mata ne ya jawo ba, kamar yadda ake yawan faɗa a gidan biki. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 Dutse ta zama babban birni, garin ya cika da ma'aikata, aka gina rukunin gidaje irin su Takur da Gida Dubu, inda mace ke zaune ita da mijinta da 'ya'yanta, goggo na Gwaram, kaka na Miga. Jami'ar Tarayya ta zo a 2011, 'yan mata suna aji a ranakun da a da suke gaban turmi. Ita kanta garar ta sauya: buhun shinkafa, katan ɗin taliya, jarkar mai, wani lokacin ma kuɗi a ambulan. Malamai sun daɗe suna tunatarwa cewa gara al'ada ce, ba wajibin addini ba, kuma duk wanda ya ga uban amarya ya sayar da gona ko ya ci bashi don ita ba zai yi musu gardama ba. Sai dai in an rage nauyin, an rage ajin ma. Wanda kuma ya nace sai an kai alkaki, yanzu oda yake bayarwa, a kawo masa a bokitin roba.

Odar nan ta tara ilimin a hannun mata ƙalilan, masu sana'a. Sana'ar cikin gida ba sabuwa ba ce. Polly Hill ta yi rubutu a 1969 kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki a ƙasar Hausa, bayan zamanta a Batagarawa, inda ta nuna yawan hada-hadar da matan kulle ke yi daga ɗakunansu ta hannun yara masu talla. Bambancin yau shi ne, wadda alkaki ke biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta tana da dalilin riƙe sirrinta. Za ta faɗi kayan haɗi tsaf, ta bar ɗan abin da ke sa nata ya fi na kowa. Ba a ga laifinta ba, jarinta ne. Amma in ba ta da 'ya mai sha'awa, ranar da ta kwanta dama an binne sirrin tare da ita.

Talabijin da waya sun cike wani gurbi. Shirin Akushi da Rufi na tashar Arewa24, da bidiyoyin YouTube, da azuzuwan girki na WhatsApp da mata ke biyan kuɗin shiga, sun kai dubulan da gireba ɗakin amaryar da ba ta taɓa ganin aikin gara ba. Ga kek da cincin da gireba, waɗanda fulawar kamfani da bekin foda suka daidaita, wannan hanya tana aiki sosai, har ta fi ta Goggo sauri. Ga alkaki da nakiya kuwa tana gazawa, domin bidiyo ba ya ɗauke da warin kwaɓin da ya wuce lokaci, ba ya nuna nauyin garin da bai gama bushewa ba. Shi ya sa ake samun wadda ta bi umarni ɗaya bayan ɗaya, alkakinta ya narke a mai, ta kuma rasa wanda za ta tambaya.

Abin ban sha'awa, kayan haɗin suna dawowa gida a daidai lokacin da masu sanin sarrafa su ke ƙarewa. Jigawa na sahun gaba a noman riɗi, ga dabinon Dutse da har cibiyar binciken NIFOR ke da reshe a garin dominsa. A Nuwamban 2023 a yankin Haɗeja gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani, aka ware wa jihar hekta 40,000. Yawancin maganar da ake yi kan wannan alkama ta kamfanonin fulawa ce da burodi. Ba a cika tuna cewa alkaki da funkaso da alkubus ba su buƙatar masana'anta ba: tsabar alkama suke so da injin unguwa, kuma kuɗinsu a hannun mata yake tsayawa.

Saboda haka rubutawa ta zama dole, amma ba irin rubutun "gari kwano ɗaya, kanwa kaɗan" ba. Wadda ke da Goggo ko Inna ko Hajiya mai hannu a raye, ta sayi ɗan sikelin girki, ta zauna kusa da ita ranar aiki. Kafin a zuba komai ta auna shi da giram, ta rubuta watan da ake ciki, da irin alkamar, da awa nawa kwaɓin ya kwana, da abin da aka yi lokacin da ya so ya ƙi. Ta maimaita a hunturu, ta maimaita a bazara, sannan ta kwaɓa da hannunta a gaban tsohuwar ta sha gyara. Cibiyoyin koyar da mata sana'a na ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse, da sassan da ke koyar da kimiyyar abinci a manyan makarantun jihar, su ɗauki waɗannan dattijai a matsayin malamai, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami.