Yadda Karan Dawa Ke Rikiɗa Ya Zama Mota

A teburan masu sayar da kayan wasan yara a biranenmu akan ga wani ɗan mutum-mutumi na roba wanda bai wuce tafin hannu ba. Ka lanƙwasa ƙafafunsa baya, ka naɗe hannayensa, ka tura kansa cikin ƙirji, sai ga mota a hannunka da tayoyinta huɗu. Asalin wannan abin wasa daga Japan yake, inda kamfanin Takara ya fito da jerin Diaclone a 1980. A 1984 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da ƙire-ƙiren Takara a ƙarƙashin sunan Transformers, wato masu rikiɗa. Jagoransu, Optimus Prime, kan babbar mota yake komawa, Bumblebee kuwa ƙaramar Volkswagen rawaya. Har yau akwai magidanta a ƙasashen duniya da ke tara su suna adanawa, wasu ko kwalinsu ba sa buɗewa.

Sirrin rikiɗar yana cikin mahaɗai, wato wuraren da gaɓa ke haɗuwa da gaɓa. Akwai mahaɗi mai lanƙwasuwa gefe guda kamar marfin akwati. Akwai mai juyawa a kan ɗan turke kamar wuyan mutum. Akwai kuma dunƙule mai zama cikin ɗan gurbi yana waiwaya ko'ina, irin kafaɗarmu. Kowane yanki yana da aiki biyu: gilashin gaban mota shi ne ƙirjin mutum-mutumin, bayanta kuma ƙafafunsa. Naɗin ma yana da jeri, in ka tura kai kafin ka buɗe ƙirji sai abin ya cije. Wanda ya zana shi ya riƙe siffa biyu a zuci lokaci guda, kuma wannan ba ƙaramar basira ba ce.

Sai dai duk lokacin da na riƙe irin wannan abin wasa, hankalina kan koma Tagriss, a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, ƙasar manoma da makiyaya, inda rairayi ya yi yawa, aduwa ta yi yawa. Can ma akwai masu sa abu ya rikiɗa, kuma shekarunsu ba sa wuce goma zuwa goma sha biyu. Da kaka ta yi, an girbe hatsi da dawa, an kai damma rumbu, abin da ya rage a gona shi ne kara. Manya na ɗibarsa don danga da abincin dabbobi. Yaro mai ido kuwa motar kasuwa yake hangowa a cikinsa.

Aikin daga zaɓe yake farawa. Gwanin motar kara ba ya ɗaukar duk abin da ƙafarsa ta taka. Karan dawa ya fi so, domin ya fi na gero kauri da cika. Zai murza shi tsakanin yatsu, ya ɗan matsa da farce. Ɗanyen kara zai tsotse bayan kwana biyu, duk abin da aka soka masa ya saki. Wanda ya daɗe a ƙasa gara ta riga ta shiga cikinsa, da an taɓa sai ya ruguje. Wanda ake nema shi ne busasshe, miƙaƙƙe, mai dogayen gaɓoɓi, mai sheƙi kamar an shafa masa mai.

Kayan aikinsa duka aljihu ɗaya ne: tsohuwar reza ko 'yar wuƙa, ƙusa guda, ƙayoyin aduwa, sakaina, wato ɓallin fasasshiyar ƙwarya, da 'yar robar da aka yanko daga tsohuwar tayar keke. Zai zauna a inuwa ya yanke karan gaɓa-gaɓa. Sannan ya kama bakin ɓawon da reza, ya ja shi a hankali daga sama zuwa ƙasa, sili-sili. Nan ake gane wanda ya saba, domin ɓawon kara yana da kaifi, mai gaggawa yakan bar jininsa a kai. Da an gama, kara guda ya ba da kaya iri biyu. Ga farin ciki mai laushi, wanda ake kira totuwa, shi ne katakon wannan sana'a. Ga kuma silin ɓawo mai ƙarfi da lanƙwasuwa, shi ne ƙusa, shi ne ƙarfe.

Da shasi ake soma gini, wato ƙashin bayan mota wanda komai ke hawa kansa. Yaron ba shi da abin awo na makaranta, amma yana da tsinke. Zai karya tsinke daidai tsawon da yake so, duk totuwar da zai yanka sai ya gwada ta da shi. Dogaye biyu zai shimfiɗa kafaɗa da kafaɗa, ya gitta gajeru uku ko huɗu a tsakaninsu. Wajen haɗawa sai ya fiƙe bakin silin ɓawo, ya soka shi ta cikin doguwar ya shige cikin gajeriyar, yana ɗan murzawa don kada totuwar ta tsage. Idan murabba'in ya tashi yana rangaji, ya san maganinsa. Zai gitta sili ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan, nan take abin ya tsaya cak. Wannan ita ce dabarar da kafintoci ke yi a rufin kwano, ita ce kuma ake gani a dogayen turakun ƙarfe na wayar salula: siffa mai kusurwa uku ba ta karkacewa.

Tayoyi su ne wurin da haƙuri ke ƙarewa ga rago. Zai kifa marfin gwangwani a kan sakaina, ya zagaye shi da bakin ƙusa, ya ɓalle gefe kaɗan-kaɗan. Sai ya haɗa huɗun wuri guda ya riƙa goga su a kan dutse, yana juyawa yana gogawa, har su zama kamar tagwaye. Daga nan sai neman cibiya. Zai yanko takarda daidai girman tayar, ya ninka ta biyu, ya sake ninkawa, inda layukan suka gamu nan ne tsakiya. Ƙusar da aka ɗora a garwashi ita ke huda ramin ba tare da sakainar ta dare ba. Idan ramin ya kauce ko da ƙwayar gero ce, motar za ta riƙa ɗingishi. Idan ya yi ƙunci taya ba za ta juya ba, idan ya yi faɗi za ta riƙa lilo. Bayan ya zura sandar da ke riƙe tayoyin, sai ya sa ɗan guntun totuwa ciki da waje, ya hana tayar fita, ya hana ta gugar jikin mota. Wasu kan yi amfani da tsohon silifas maimakon sakaina, domin ya fi jure duwatsu.

Na taɓa tsayawa kan wasu 'yan uwa biyu suna wannan aiki. Ƙaramin ya tura tasa ta karkata hagu, ya ɗago ya ce, "Yaya, ta ƙi miƙewa." Wan bai karɓa ba, bai kuma gyara masa ba. Cewa ya yi, "Kifa ta, ka duba sandar baya da ta gaba, su ma sun miƙe?" Yaron ya kifa, ya gwada da tsinke, ya ga gefe ɗaya ya fi ɗaya tazara. Ya zare ƙayar ya sake sokawa, motar ta tafi ɗoɗar. Bakanike a gareji, idan mota tana cin taya gefe guda, abin da yake nema ke nan.

Ƙwararru ba sa tsayawa nan. Sukan lanƙwasa sili biyu ko uku su jera a ƙarƙashin shasi, su zama sifirin, har ka ga motar tana sukuwa a kan burji kamar ta gaske. Sandar gaba kuwa ba a kafe ta. Ƙayar aduwa guda ake soka mata a tsakiya, ta zama turken da take juyawa a kai. Sai a ɗauro dogon sille, wato siririn saman kara, da robar taya, a yi masa kewayen waya a can sama ya zama sitiyari. Direba na tsaye yana tafiya, ya murza dama tayoyi su bi dama. Wanda ya so tifa zai gina akwatin baya daban, ya riƙe shi da ƙaya biyu a gindi kawai, ya ja zare ta ɗaga ta juye yashi. Ƙofa ma haka, ƙaya sama ƙaya ƙasa, tana buɗewa tana rufewa. Duba da kyau, mahaɗan nan biyu, mai lanƙwasuwa da mai juyawa, su ne dai waɗanda ke cikin mutum-mutumin Japan. Can injin masana'anta ya zuba su da roba, nan yaro ya samo su a jikin aduwa.

Ƙarshen aiki shi ne ado, kuma a nan ake gane yawan kallon da yaron ya yi. Ranar kasuwa, lokacin da wasu ke zaman kashe wando a gindin bishiya, shi yana tsugune kusa da babbar motar da ta kawo kaya, yana leƙa ƙarƙashinta. Shi ya sa tasa take da tsani a baya, da tayar ajiya, da madubin gefe na takardar alawa mai ƙyalli, da ƙunshin tsumma a sama a matsayin buhunan hatsi. Kayan masu nauyi a ƙasa yake jera su, domin ya ga yadda mota mai lodin sama ke tangaɗi a rairayi. Idan ya ƙara girma sai ya bar kara ya koma gwangwanin madara da waya, ya koyi yanka da naɗe bakin ƙarfe don kada ya yanki hannu.

Hannun da ya saba da wannan ba ya rasa abin yi. Irinsa ne ke girma ya zama maƙerin amalanke, ko mai walda, ko ɗaya daga cikin masu sana'ar kasuwar Katako ta Yamai, waɗanda ke narkar da tsohon alminiyam su zuba tukwane. Hanyar kuma tana iya yin nisa fiye da haka. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya yi karatun zanen motoci a Detroit, ya shiga kamfanin General Motors a 1994, kuma shi aka sani da zanen Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Duk wanda ya kai can, da kallon mota da son sanin yadda aka haɗa ta ya fara.

Saboda haka, iyaye da malamai, idan kuka ga yaro ya tara kara a zaure yana feƙe-feƙe, kada ku share masa ku ce shara ce. Ku tambaye shi yadda ya samo cibiyar tayarsa, ku saurari amsar, domin lissafi ne yake yi muku. Ku ba shi wuƙar da ba za ta cutar da shi ba, ku nuna masa ƙofar maƙeri da ta makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya yi wa waɗannan hannaye albarka.