Idan Ƙasa Ta Tsage a Gaya: Nazarin Labaran Zambo a Kan Masifa

Ƙasar Kano ba ta saba da girgizar ƙasa ba. A kan tsohon dutse take zaune, nesa da wuraren da faifan ƙasa ke gogayya da juna. Dattijon Gaya ko na Ajingi ya san fari, ya san fara, ya san gobarar hunturu da ambaliyar watan Agusta, amma girgiza a rediyo yake jin ta: ta Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023 da ta ci rayuka sama da 50,000, ko ta Maroko a Satumbar 2023. Cikin abin da ya taɓa matsowa kusa akwai motsin da aka ji a Kwoi ta kudancin Kaduna a 2016 da na Mpape a Abuja a 2018, waɗanda suka tsaya ga tsaga bango da tsinka zukata. Wannan rashin sabon ne ya sa girgizar ƙasa ta dace da wani nau'in ƙagaggen labari da marubutanmu ba su nome shi sosai ba, wato labarin da ke ƙirƙiro masifa, ya sauke ta a kan gari na gaske mai tarihi na gaske, don a ga yadda kowa zai yi rawa idan ƙasa ta motsa.

A Turai salon ya tsufa. Ranar 1 ga Nuwamba 1755 girgiza ta rushe birnin Lizbon na Fotugal da safe, majami'u cike da masu ibada, ta kashe dubun-dubatar mutane. Bayan shekara huɗu marubuci Voltaire ya fitar da littafinsa Candide, inda ya kai jaruminsa cikin ɓaraguzan birnin tare da malaminsa Pangloss, mai nacewa cewa duk abin da ya faru shi ne mafi alheri. Voltaire bai yi wa gawa dariya ba. Bulalarsa a kan manyan gari ta sauka, waɗanda suka yanke cewa maganin girgiza shi ne a ƙona wasu mutane a bainar jama'a, aka ƙona, ƙasa kuma ta sake girgiza a ranar. Ƙa'idar salon ke nan tun daga lokacin: masifar ba ita ce abin dariya ba, abin da masu iko da masu wayo ke yi da ita shi ne.

Bahaushe bai jira Voltaire ba. Dubi yadda kakanninmu suka riƙa raɗa wa yunwa suna kamar jaririya. Ta 1913 zuwa 1914 Kakalaba ce. Ta 1927 'Yar Buhu, don a buhu hatsi ya riƙa zuwa. Ta 1942 'Yar Gusau, don can aka riƙa neman abin sawa a baki. A Nijar, yunwar 1984 da sunan Buhari aka kira ta, saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatinsa ta yi, ga fari ga kuma ƙofar hatsi a garƙame. A suna guda an rubuta tarihi, an kuma yi zargi, ba tare da kowa ya je kotu ba. Sai kuma karin maganar da ta fi kowace dacewa da wannan nazari: gaba ta kai ni, gobarar Titi. Mace ta yi gobara, gudummawar da ta samu ta fi abin da ya ƙone. Gajeren labari ne cikakke, da masifarsa da ribarsa da 'yar harararsa.

Dandalin wasa ma yana nan. Tashe, daga goma ga azumi, yana bai wa yara lasisin kwaikwayon malami da mai kuɗi da gwauro. Wasan gauta ya kan kafa fada ta ƙarya, da sarkinta da fadawanta, a gaban masu fadar gaske. 'Yan kama sun ɗauki salon wa'azi sun mai da shi kan tuwo da miya. A rubuce kuwa, Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, ya riga ya nuna yadda ake ɗaure tarihi da ƙage a igiya ɗaya: ya fara da yaƙin zuwan Turawa, ya ɓulle cikin aljannu, mai karatu bai ji an yi masa ƙarya ba. Kayan aikin duk suna hannu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai haɗa su, domin adabin kasuwar Kano, tun daga shekarun 1980, ya fi karkata ga soyayya da kishi da rikicin gida.

To, me ya sa Gaya? Domin da wuya a sami garin da tarihinsa ya fi nata daɗin tsokana. Gari ne da ke kan hanyar Wudil zuwa Dutse, matafiyi zai iya wuce shi bai waiwaya ba, amma manyan labaran asalin Hausawa biyu duk sun ratsa ta cikinsa, kuma duk ta maƙera. Na farko ya ce Abagayawa, maƙeran Gaya, su ne suka tafi neman tama har gindin Dala suka zauna, kuma sunan ɗayansu, Kano, shi birnin ya ɗauka. Na biyu ya ce da Bayajida ya baro Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, a Gaya ya tsaya maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya sare macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Ko mutum ya ɗauki waɗannan a matsayin tarihi ko a matsayin almara, sakamakon ɗaya ne: Gaya ta haifi Kano, ta kuma ba da makamin da aka kafa Hausa Bakwai da shi, sannan aka wayi gari ita ce ke zuwa birni gaisuwa.

Ba kullum ta je da daɗin rai ba. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kawo labarin Sarkin Gaya Farin Dutse da ya yi shekara uku bai aika wa Sarkin Kano Dadi haraji ba, har aka yaudare shi aka kashe. A zamaninmu kuma, a watan Mayun 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, tare da Rano da Ƙaraye da Bichi. A Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar. A Yulin 2024 aka dawo da Gaya a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Shekara biyar, matsayi huɗu. Marubucin zambo da aka miƙa wa irin wannan tarihi ba ya buƙatar ƙarin gishiri.

Mu ƙaddara labarin. Wata Laraba bayan la'asar ƙasa ta motsa, ta tsage daga gonakin Gaya ta ratsa har cikin ƙasar Ajingi. Ba wanda ya mutu. Rumbu biyu sun kife, jaki ɗaya ya maƙale. Kafin magariba rigima ta tashi a kan mallakar tsagar: mutanen Ajingi sun ce daga wajensu ta faro, na Gaya sun ce zurfin yana wajensu, kowa kuwa ya san inda tsaga ta bi nan kayan agaji za su bi. Da gari ya waye sai aka ga ta ƙara tsawo, ta yi kwana ta shiga wasu gidaje, da sawun diga a gefenta. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya haifi ƙaramin kwamitin awo, aka sayo igiyar awo da kuɗin da zai gina ɗaki uku. Sunayen waɗanda abin ya shafa suka fi yawan mutanen ƙauyen, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya tun zamanin soja. Jam'iyya mai ci ta ce tsagar alama ce ta ma'adinai. 'Yan adawa suka ce a lokacinsu ƙasa ba ta taɓa buɗe baki ba.

Nan ne tarihi zai shigo, kuma nan ne ake gane gwani. Wani tsohon maƙeri ya leƙa ramin ya hango abin da ya ce tsohuwar uwar maƙera ce, ya rantse ita ce aka ƙera wuƙar Bayajida a kanta, ya kuma tuna wa jama'a cewa ba inda labarin ya ce baƙon ya biya ladan aiki. Aka tashi wakilai zuwa Daura karɓar bashi. Wasu suka ce a fara da Kano, a lissafa kuɗin hayar suna. Ranar rabon agaji kuwa, buhun shinkafa ɗaya ya sha hoto a ƙauye biyar. Wata tsohuwa da bangonta ya zube aka miƙa mata tabarma da bokiti, ta dubi jami'in ta ce, "Ɗan nan, tabarma ce ba ni da ita? Ɗakin da zan shimfiɗa ta nake nema." Ya ce, "Iya, a yi haƙuri, kashi na biyu yana hanya."

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin agaji zai gane wannan layin, kuma a nan ne amfanin girgizar ƙarya yake. Masifar gaske ta wannan yanki ruwa ce. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya wuce ta Wudil ya nufi ƙasar Ringim, kuma ƙauyukan Ajingi da ke kusa da shi suna cikin masu kwana da ido ɗaya idan damina ta yi nauyi. A sama akwai madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, kuma Kanawa ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a Agustan 1988 ba, balle abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumbar 2024. Marubucin da ya ɗauki ambaliya ya yi raha da ita zai karanta wa mutumin da shinkafarsa ta tafi, ko wanda ya binne ɗansa. Ba za a yi dariya ba, kuma bai kamata a yi ba. Girgiza kuwa ba ta da gawa a nan. Ba wanda zai ce da shi ake, alhali da kowa ake. Ita ce rigar buzuzun da ɗan tashe ke sakawa don ya faɗi abin da ba zai faɗa da fuskarsa ba.

Sai dai akwai kan iyaka, kuma ta fi ta Voltaire tsauri. A kunnen Musulmi girgizar ƙasa ba abin wasa ba ce, sura guda ce a Alƙur'ani, Zalzala, da yaro ke haddacewa tun yana allon farko, kuma tunanin tashin alƙiyama take kawowa. Voltaire ya yi amfani da girgizar Lizbon ya yi jayayya da masu cewa komai hikima ce. Marubucin Hausa da ya bi shi nan ya rasa masu karatunsa tun shafin farko, kuma a ganina bai yi asarar komai ba idan ya kauce. Ƙaddara ba ita ta karkatar da buhunan shinkafa ba. Akwai isasshen abin zambo tsakanin saukar masifa da isowar agaji, ba sai an ɗaga kai sama ba. Haka nan sarauta. Ana iya yin dariya da yadda 'yan siyasa ke ɗaga rawani su sauke, ba tare da an taɓa mutuncin mai rawanin ba, kuma wasan gauta ya daɗe da nuna inda layin yake.

Akwai kuma haɗarin da ba na ladabi ba. Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan da ke maƙwabtaka da wannan yanki, wanda a zamaninsa ya fi kowa sanin yadda ake sa Bakano dariya, sai da ya kwana a gidan yari a 2008 a kan fim. Mai zambo a Kano ya san da hukumar tace finafinai da ɗab'i a bayansa. Wannan ma hujja ce ta zaɓar masifar da ba ta faru ba, domin ba a tuhumar mutum da ɓata sunan kwamitin da ba a taɓa kafawa ba.

Inda irin wannan labari ya fi saurin lalacewa shi ne idan baƙo ya rubuta shi. Wanda ya tsinto tarihin Gaya daga littafi zai jera Bayajida da Abagayawa kamar kayan gidan tarihi, ya mai da mutanen ƙauye wawaye, ya koma tsohon wasan "baƙauye ya shigo birni" da finafinai suka gajiyar da mu da shi. Barkwancin Hausa yana da sharaɗi: tsakanin abokan wasa ake yin sa, Bafillace da Babarbare, Bakano da Bazazzage, Bakatsine da Bahaɗeje, kuma wanda aka tsokana yana da damar ramawa. A labarin da muka ƙaddara, masu tsawaita tsaga da diga ba wawaye ba ne, mutane ne da suka karanci yadda ake rabo suka yi dabara. Tsohuwar nan kuwa ita ce ta fi kowa hankali a fagen. Idan mai karatu ya gama yana raina Ajingi, marubucin ya faɗi.

Saboda haka wannan aiki na 'yan gida ne. Matasan Gaya da Ajingi da ke rubutu a Facebook da WhatsApp, waɗanda suka ji labarin maƙera a bakin kakanninsu suka kuma ga rabon tabarma da idonsu, su ne ya kamata su tsaga wannan ƙasa a takarda, tun kafin wani ɗan birni ya riga su.