Tarken Mutum-mutumin Spock na Kamfanin Mego (1974)

Wannan takarda za ta yi tarken wani ɗan ƙaramin mutum-mutumi na roba wanda kamfanin Mego da ke birnin New York ya fitar a shekarar 1974. An ƙera shi ne da siffar Spock, ɗaya daga cikin taurarin Star Trek, wato wasan talabijin na ƙagaggen labarin kimiyya wanda Gene Roddenberry ya ƙirƙiro. Tashar NBC ta Amurka ta nuna wasan daga 1966 zuwa 1969, kashi 79, sannan ta dakatar da shi saboda ƙarancin masu kallo. Farin jininsa bai zo ba sai da ƙananan tashoshi suka riƙa maimaita shi a shekarun 1970, kuma yaran da suka kalli wannan maimaicin su ne kasuwar da Mego ya hango.

Tun wajen suna ma akwai abin lura ga ɗalibin harshe. Da za a nuna wa Bahaushe wannan abu, kai tsaye zai ce 'yar tsana ce, domin yana da riga da wando na ƙyalle da ake cirewa a mayar. To amma 'yar tsana kayan wasan 'yan mata ce, kuma haka abin yake a Amurka. Don haka ne a 1964 kamfanin Hasbro, da zai sayar wa yara maza da sojan roba mai suna G.I. Joe, ya guji kalmar, ya ƙago wani suna mai nufin mutum-mutumin gwagwarmaya. A nan an zaɓi “mutum-mutumi” ne bisa wannan dalili, ko da yake kalmar ta fi kawo wa mai sauraro hoton abin da ba ya motsi.

Tsawonsa inci 8 ne, kimanin santimita 20, kuma a Hong Kong aka ƙera shi. Dabarar Mego ita ce gangar jiki iri ɗaya ga kowa. Jikin da aka ba Spock kusan shi ne aka ba Kyaftin Kirk da Likita McCoy, kuma bisa tsarin da aka yi su Batman da Superman tun daga 1972. Kai da tufafi kawai ake sauyawa. Wannan ya rage wa kamfanin kuɗin ƙira, amma ya ɗora wa kan nauyin kamannin gaba ɗaya. Idan kan ya kuskure, babu sauran abin da zai ce wannan Spock ne.

Kan bai kuskure ba. Masassaƙin ya kama abubuwa ukun da ake gane Spock da su ko daga nesa: kunnuwa masu tsini, gira mai tashi sama, da gashin goshi da aka datse a miƙe. Doguwar fuskar Leonard Nimoy, ɗan wasan da ya fito a matsayin Spock, ta fito daidai gwargwado, baki a rufe, babu fara'a babu fushi. A nan ne mutum-mutumin ya ci wata riba da 'yan'uwansa ba su ci ba. Kirk mutum ne mai zafin nama, mai murmushi da hargagi, saboda haka fuskar roba da ba ta motsi ta rage masa abu mai yawa. Spock kuwa aikinsa ke nan hana fuskarsa motsi. Mutanen duniyar Vulcan, inda mahaifinsa Sarek ya fito, sun ɗauki danne motsin zuciya da bin hankali zalla a matsayin tarbiyya. Ke nan sandarewar roba, wadda aibi ce ga sauran, ta zama kamanni a gare shi.

Sai dai wannan ribar rabi ce. Mahaifiyar Spock, Amanda, 'yar Adam ce, kuma jigon tauraron duka ya ginu ne a kan ja-in-jar da ke tsakanin jinin uwa da tarbiyyar uba. Mai kallo ba ya son Spock don ba shi da zuciya, yana son sa ne don yana da ita yana ɓoyewa. Nimoy yana nuna hakan da ƙananan abubuwa: ɗaga gira ɗaya, ɗan jinkiri kafin amsa, sassauta murya. A kashin “Amok Time” na 1967, lokacin da Spock ya ga Kirk da rai bayan ya zaci ya kashe shi, murmushi ya kuɓuce masa na ɗan lokaci kafin ya kama kansa. Wannan kuɓucewar ita ce Spock, kuma babu yadda roba za ta yi ta. Abin da Mego ya sayar shi ne ɗan Sarek. Ɗan Amanda bai shiga kwalin ba.

Hannu ma ya gaza. A wannan kashin ne aka fara ganin gaisuwar Vulcan, inda ake ɗaga tafi a raba yatsu biyu-biyu, wadda Nimoy ya aro daga yadda ya ga malaman Yahudawa suna sa albarka yana yaro. Yatsun mutum-mutumin a ƙafe suke, irin na kowa, ba sa rabuwa. Alamar da ta fi kowace shahara ga tauraron ita ce wadda abin wasan ba ya iya yi.

Tufafin sun fi hannun kyau. Shuɗiyar rigar sashen kimiyya da baƙin wando sun dace da wasan, kuma kasancewarsu ƙyalle ya ba abin wani kwarjini da fenti ba ya bayarwa. Kayan aikinsa uku, wato bindiga da na'urar magana da na'urar bincike, an zuba su da roba mai ruwan shuɗi-shuɗi, alhali a wasan baƙaƙe ne da ratsin ƙarfe. Wannan araha ce a fili. Tambarin ƙirji kuma takarda ce mai ƙyalli da aka manna, ba ta jure hannun yaro. Igiyar roba ce ke riƙe gaɓoɓin daga ciki, idan ta tsufa sai ta saki, hannu da ƙafa su zube.

Waɗannan raunukan su ne suka mayar da shi kayan masu tarawa. Mego ya durƙushe a 1982, 'yan shekaru bayan lasisin Star Wars ya tafi hannun kamfanin Kenner, wanda ƙananan mutum-mutuminsa suka mamaye kasuwa. Yaran 1974 sun girma, suka dawo neman abin da suka lalata, sai wanda ke da tambarinsa da kayansa uku ya yi daraja, wanda ba a taɓa ɓare ledarsa ba kuma ya fi kowanne. Amma a ma'aunin tarke, na cikin leda shi ne ya fi talauci. Motsin da roba ba ta da shi, da can yaro ne ke ara mata: shi ke karkata kan, shi ke yin muryar, shi ke cike rabin da masassaƙi ya bari. Wasan barkwanci na The Big Bang Theory ya taɓo wannan a 2012, inda irin wannan mutum-mutumin ya yi wa tauraron wasan, Sheldon, magana a mafarki, yana nuna masa cewa ƙin wasa da abin wasa ya saɓa wa hankali. Muryar da aka ba shi ta Nimoy ce da kansa, shekara uku kafin rasuwarsa a 2015.