Murya a Waje, Fuska a Gida

Daga goma ga azumi, bayan an sha ruwa, in ka bi lungunan Giɗaɗawa ko Kanwuri a Sakkwato kana iya iske 'yan mata suna tashen Mairama da Daudu. Ɗaya ta zura babbar riga tana jan ƙasa, hula ta rufe mata ido, ta ƙanƙance murya wai ita maigida. Ɗayar ta ɗaura ɗankwali tana yanga. Yarinya guda ce ke waƙa, ke rawa, ke kwaikwayo, matan gida na dariya suna miƙa tsaba.

A Amurka, mai irin wannan baiwa sana'a take girma ta tarar. Audra McDonald ta fara suna ne a dandamalin Broadway na birnin New York, inda 'yar wasa ke rera waƙarta da bakinta gaban 'yan kallo. Sau 6 tana cin lambar yabo ta Tony, ta kuma fito a talabijin cikin Private Practice da The Good Fight. Namu Daudun kuwa, da ta fara zama budurwa, sai ka ji gwaggonta ta ce, "Wanga wasan yara na, ɗiyata. Ki bar shi hakanan."

Ba wai Sakkwato ta ƙi muryar mace ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙa ta karantar da mata. Ta naɗa mata jagorori da ake kira jajoji, ta ɗora musu malfa, suka haddace waƙoƙinta suka kai wa matan da ake kira 'yan taru a ƙauyuka. Wannan karatu ne, ba wasa ba, amma ya nuna inda aka ja layi: murya na iya tafiya ko'ina muddin ta ɗauko abin kirki. Kwaikwayo shi ne aka bari a bayan katanga. Ko wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa har su yi musu hannunka-mai-sanda, wasan cikin gida ne.

Talabijin ce ta fasa katangar. Wasan Idon Matambayi na NTA Sakkwato ya shigar da Sakkwatanci falon mutanen da a da sai dai su kwaikwaye shi don raha. Sai ga fim ɗin bidiyo daga Kano, tun Turmin Danya a 1990, daga baya waƙa ta zama gishirinsa. A nan ne, a ganina, aka raba 'yar tashen nan gida biyu. Mawaƙiya kamar Fati Nijar, 'yar Maraɗi, ta shiga situdiyo ta rera; jaruma ta tsaya gaban kyamara tana motsa leɓe. Masu fim sukan ce ai haka Indiya ke yi, kuma gaskiya ne. Sai dai tsarin ya zo daidai da abin da muka riga muka saba.

Dubi wadda ake hukuntawa. A 2016 ƙungiyar masu fim ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ. Ba don wata kalma da ta furta ba. Don abin da ido ya gani ne. Mawaƙiyar fim kuwa, waƙarta na tashi a wayar 'yan acaɓa a Mabera da gidajen biki a Runjin Sambo, amma tana iya ratsa babbar kasuwa ta yi cefanenta ba wanda ya waiwayo.